Rasuwar Ɗan Dogo, Batirin Keken Sista

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da cinyoyi masu cike da tsami, iyalan Sista, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin masu karaya, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda wata tsohuwa mai hular kwano ta taɓa wucewa a titi kamar an harbo ta, rasuwar batirin kekenta, wanda aka fi sani da Ɗan Dogo. Marigayin ya rasu bayan doguwar jinya wadda babu wanda ya san yana yi, har da mai jinyar. Game da ranar da ya cika kuwa, akwai magana, za a zo kanta. Abin da iyalin ke roƙo tun yanzu shi ne, wanda ya zo ta'aziyya ya tarar da mai makokin tana dariya har da riƙe ciki, kada ya fita ya ce ta zautu. Tana da dalili.

Marigayin ya shigo gidan ne a makon da Sista ta yi ritaya. 'Ya'yanta sun haɗa baki sun sayo mata kujera mai lilo, wai ta huta. Ta zauna a kai sau ɗaya, ta ce tana sa ta jiri, washegari ta yafa mayafi ta nufi shagon kekuna. Mai shagon ya dubi furfurarta, ya ja ta wurin wani keke mai ƙafa uku da ƙaton kwando a baya. Ta ce masa ita ba talla ta zo yi ba. Ta nuna wani siriri a rataye, irin na masu tsere, tayoyinsa ba su fi kaurin yatsa biyu ba, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ga batir baƙi dogo kwance a jikin ƙarfensa. Mai shago ya ce, "Mama, wannan fa na matasa ne." Ta ce, "Shi keken ne ya tambaye ka shekaruna?" Daga nan sai ya sauko da shi ya nuna mata inda ake dannawa.

Ba don yawo ta saye shi ba. A ƙarshen unguwarsu akwai tudu, wanda yake farawa daga gidan burodi, ya wuce rumfar jiran bas da ke tsakiya, ya ƙare a gindin tankin ruwa. A can sama yayarta take zaune, wadda kowa a dangin ke kira Yaya, har jikoki. Yaya tana da ciwon suga, idanunta sun yi rauni, kuma ba ta yarda hannun kowa ya zo kusa da ita da allura ba sai na ƙanwarta, wanda kuma take kushewa kowace safiya. Idan an gama allura sai a sha shayi marar suga, sannan a buɗe shari'ar da aka fara tun suna 'yan mata, wato wa ya fasa madubin mahaifiyarsu. Ba a taɓa yanke hukunci ba, sai dai a ɗage zama zuwa gobe. Wannan safiyar ita ce abin da Sista ta fi so a duniya, ko da yake da za a tsare ta da wuƙa ba za ta faɗa ba.

Kai ta can shi ne aikin marigayin, kuma ya riƙe shi da amana. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Bai taɓa tambayar abin da ke cikin jakar magani da take goyawa ba, ko me ya sa take da nauyi haka. Idan ta danna shi da safe sai ya kunna fitilunsa kore shar, ya ce ƙit-ƙit, ita kuma ta ce, "Lafiya lau, ya kwanan jiki?" Idan aka kama tudu sai ya ɗauki wata siririyar murya, wiiii, kamar sauro mai ladabi, ya tura ta ta baya a hankali. Ban da waɗannan biyun ba a taɓa jin wata kalma daga bakinsa ba, kuma a gidan da kowa ke da ra'ayi, wannan ba ƙaramar falala ba ce.

Mutum ɗaya ne bai yi murna da zuwansa ba, shi ne babban ɗan Sista, wanda ake kira Manaja tun kafin ya zama manajan komai. Mutum ne mai son uwarsa da zuciya ɗaya da tumbi ɗaya, kuma duk lokacin da ya tuna tana kan titi a kan abu mai siraran tayoyi sai abinci ya ƙi wuce masa. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya turo matarsa, ya turo ƙannensa. Da ya ga hali zanen dutse ne, sai ya nemi yarjejeniya. Ya ce, "Umma, shi ke nan, ki hau. Amma ranar da tudun nan ya fi ƙarfinki, kin gama. Ki dawo wurinmu, ga ɗaki nan an gyara, Yaya kuma a ɗauko mata ma'aikaciya." Gidan Manaja yana can ɗaya gefen gari, a saman bene, tagar ɗakin da aka gyara tana kallon bangon wani benen, kuma a nan aka ajiye kujera mai lilo tana jira. Sista ta amince, don a lokacin tudun bai fi mata tsallaka ƙofa ba. Ita kuwa mace ce da ba ta taɓa rubuta ƙarya a katin majinyaci ba, in ta ce ta yarda, ta yarda.

A nan iyalin suna so a shaida irin kulawar da marigayin ya samu, domin an fara jin ƙananan maganganu a gari. Sista ta yi aikin jinya har ta yi furfura a kan ƙa'idoji biyu: majinyaci ba a barinsa da yunwa, ba a barinsa da sanyi. Saboda haka da ta sauko daga tudu, tun jikinsa da zafi, take cire shi ta jona masa caja. Ko kaɗan ya ci daga cikinsa sai ta cika masa, in ya cika kuma ba ta zare wayar, don kada ya farka ya nemi ƙari ya rasa. A haka yake wuni, a haka yake kwana. Ta ware masa ƙaramin bargo mai gashi tana lulluɓe shi har kai. Ta zaɓar masa dandamalin tagar da rana ta fi bugawa, wai ya sha hantsi. Lokacin sanyi har robar ruwan zafi take tura masa ƙarƙashin bargon. Idan ta taɓa shi ta ji ɗumi sai ta gyaɗa kai, ta ce jini na gudu.

Tayoyin ma ba ta bar su a baya ba. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana yaƙi da hawan jini da kumburin ƙafa, duk abin da ta taɓa ta ji ya cika ya yi tauri, hankalinta ba ya kwanciya. Duk lokacin da mai faci ya buga musu iska suka yi tam, sai ta jira ta sha kwana, ta sauka, ta danna babban yatsa a jikin tayar kamar mai duba ƙafar majinyaci, ta yi tsaki, ta sassauta bakin. Fiiis. Ba ta bari sai yatsan ya nutse, sannan ta ce, "Yawwa, yanzu kuka sami sauƙi." Maganar giyar keken kuwa, a wadda ta tarar ranar da ta sayi keken, a nan ta zauna, kuma ita ce mafi nauyi. Ta ɗauka ɗan ƙarfen canza ta wani birki ne na ko-ta-kwana, ita kuma ba ta taɓa abin gaggawa sai gaggawar ta zo.

Ciwon ajali ya fara ne a hankali, kuma a jikin Sista aka fara ganinsa. Tudu ya soma tsawo. Gidan burodi da rumfar bas, da suke kamar maƙwabta, suka yi ƙaura suka nisanci juna. Ta fara isa gidan Yaya tana haki, gumi ya jiƙa ɗankwalin da ke ƙarƙashin hular kwano, sai ta tsaya a bayan ƙofa ta daidaita numfashi kafin ta yi sallama. Sannan ta daina jin wiiii ɗin nan. Ta ce to, kunne ma ya bi sahu.

Ko sau ɗaya ba ta zargi marigayin ba. Yaya za a yi ta zarge shi? Kullum da safe fitilunsa kore, gaisuwarsa ƙit-ƙit ba fashi, yana ci yana barci, kuma majinyacin da ke ci yana barci ba shi ne abin damuwa a ɗaki ba. Kanta ta juya wa. Ta auna jininta, na'ura ta ce lafiya lau, ta ce na'urar ta tsufa. Ta ƙirga bugun zuciyarta ta ji shi a natse yana tafiya da ƙarfi, ta ce irin natsuwar nan ba ta alheri ba ce. Ta ga siket ɗinta yana zamewa, ga yunwa kamar ta cinye tukunya, ga ƙishirwa, ta ce shi ke nan, sugan Yaya ya zagayo. Ta danna ƙwaurinta ta ji sun yi tauri kamar taɓarya. Ta san kumburin ciwon zuciya yakan lotsa, wannan kuwa ba ya lotsawa, sai ta yanke cewa wata sabuwar cuta ce da aka ƙirƙiro bayan ta bar aiki. Wanzami ba ya son jarfa, don haka ba ta je wurin likita ba, ta ci gaba da rubuta wa kanta cututtuka a zuci tana hawa tudu da su.

Dariya ake yi yanzu, amma a lokacin tsoro ne ya cika ta. Ba mutuwa take tsoro ba, ta ga mutuwa da yawa har sun saba. Tsoronta ɗakin nan ne mai kallon bango, da wata baƙuwa da za ta riƙe hannun Yaya ba ta san Yaya tana son a ƙirga mata kafin a soka ba, da safiyar da za ta waye babu wanda ke jiranta a ko'ina. Sai ga shi wata rana, daidai rumfar bas, iska ta taso mata ta gaba, ƙafafunta suka ce sun ƙi, ta sauke ƙafa ɗaya a ƙasa. Babu wanda ya gani sai wata mata mai jiran bas, ita ma waya take dannawa. Sista ta huta, ta hau, ta ƙarasa. Da za ta yi shiru da an wuce wurin. Amma alkawari alkawari ne, da ta koma gida ta kira Manaja ta ce, "Ka zo ka ɗauke ni. Tudu ya yi nasara." Ta ajiye wayar, ta lulluɓe marigayin da bargonsa, ta zauna kusa da shi ta yi kuka sosai.

Da ta gaya wa Yaya, Yaya ta ce, "Tafi mana. Dama hannunki ya fara nauyi." Ta juya fuska wajen bango. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Madubin nan, ni na fasa." Sista ta jira wannan magana tun tana budurwa, amma da ta zo ba ta ji daɗinta ko kaɗan ba, don ta gane rufe shari'a ake yi.

Ranar tashi, Manaja ya zo da matarsa da mota. Akwatuna suka cika bayan motar har babu wurin keke, Sista kuma ta ce a gidan Yaya za a bar shi, ko ba komai ta riƙa shafa shi. Manaja ya ce wannan ai ba matsala ba ce, abin da batir ke ja, shi zai hau ya kai. Ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya ɗora hular kwanon uwarsa a ƙoƙon kai inda ta tsaya, ya danna. Marigayin, mai ladabi har ƙarshe, ya kunna fitilu ya ce ƙit-ƙit. Matar Manaja ta ja mota a baya, Sista a kujerar baya ta rungume jakar magani, za ta yi allurar ban kwana.

A shimfiɗaɗɗen titi Manaja har ɗaga musu hannu yake yi. A gidan burodi ya daina. 'Yan taku kaɗan sai ya miƙe tsaye a kan feda, sai keken ya fara zana maciji a titi, sai wuyansa ya jiƙe, sai hular ta zamo ta rufe masa ido ɗaya. Rumfar bas tana can sama tana kallonsa, ko rabin hanyarta bai yi ba, ya gangara gefe ya zube a bakin titi, ƙamshin burodi bai ma bar hancinsa ba. Sista ta fito da na'urar awon jini kafin motar ta gama tsayawa, ta naɗe masa dantse. Awon ya nuna jininsa ya hau, wannan karon kuwa ba ta ce na'urar ta tsufa ba.

Ya ce, "Umma... abin nan... ba ya ja."

Ta ce, "Ka danna?"

"Na danna duk abin da ake dannawa. Kamar ana riƙe ni ta baya."

"Zaman ofis ne. Kar ka ɗora wa bawan Allah laifi. Ba ni hulata."

Haushi ne ya ɗora ta a kan keken, da kayan fitarta da komai, don kawai ta wanke sunan marigayin. Ta taka, ta wuce rumfar bas ba ta ko dube ta ba, ta kai gindin tanki, ta juyo ta gangaro, ta ja birki a gaban ɗanta tana ɗan haki, ta ce, "Ga shi nan lafiyarsa ƙalau." Sai matar Manaja, wadda gilashin motarta ke sauke tun ɗazu, ta ce, "Umma, ki yi haƙuri, ni fa ban ji kukan nan nasa ba. Ba a wurinki ba, ba a wurin Baban yara ba." Kunnen wannan baiwar Allah kuwa sananne ne a dangi, ana raɗa a falo tana amsawa daga kicin.

Aka kai keken wurin Mai Gyara, wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin Sista da karayar cinya, har yau in ya gan ta yakan gyara tsayuwa. Ya rataye keken, ya juya feda, ya saurara. Ya cire marigayin, ya sa masa wayoyin awo, ya daɗe yana kallon allurar na'urar. Sannan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Sista, sai haƙuri."

"Yau?"

"Ina fa yau. Wannan ya jima. Ƙarfin da ya rage masa bai wuce na kunna fitila da gaisuwa ba. Da an ce ya ja, sai ya noƙe."

Ta ce ba zai yiwu ba, majinyacin da bai taɓa rasa kulawa ba. Ta shiga ba da tarihi da alfahari, caja ba dare ba rana, bargo, hantsi, robar ruwan zafi. Kowanne ta ambata sai Mai Gyara ya runtse ido ya ce, "Ash." Da ta gama ya ce mata, cikin ladabi yana kallon ƙasa, su waɗannan zafi ne ajalinsu, kuma ba sa son zama a ƙoshe dam kullum. A bar su su huce kafin a jona, in sun cika a zare, a ajiye su a inuwa. Ya kai hannu ga tayar baya, yatsansa ya nutse kamar a cikin burodi, ya ɗago ya dube ta. Ya nuna mata wasu ƙananan lambobi a gefen tayar, ya ce adadin iskar da take so ke nan, in ba ta samu ba sai ta kwanta a titi ta riƙa jan ƙafa, batir ya yi ta wahala. Sista ta sa tabarau ta leƙa, ta ce ita ta ɗauka lambar wayar kamfani ce.

Mai Gyara ya duba giya, ya koma ya zauna a kan benci. Ya ce, "Tsaya, Sista. Wato kullum kina hawa tudun can da mataccen batir, da tayoyi laƙwas, a giya mafi nauyi?"

Ta ce, "Da jakar magani."

Ta faɗa ne don gyara bayani, amma da ta ji shi da kunnenta, wanda ashe lafiyarsa ƙalau, sai ta tsaya. Ta sunkuya ta danna ƙwaurinta. Ta tuna siket, ta tuna tukunya, ta tuna zuciyar nan mai bugawa a natse. Duk cututtukan da ta tara suka watse a tsaye a shagon, abu ɗaya ya rage, wato ƙarfi. Ta fara dariya a hankali, ta dafa bango, ta zauna a kan wata tsohuwar taya, hawaye na zuba, tana nuna gawar tana cewa, "Ashe kai ne! Ashe ba ni ba ce!" Iyalin sun yarda ba haka ake karɓar labarin rasuwa ba, amma babu wanda ya iya hana ta.

Mai Gyara ya buga wa tayoyin iska har suka yi tam, Sista ta kau da kai don ba za ta iya kallo ba. Ya ɗiga wa sarƙa mai, ya nuna mata abin da birkin ko-ta-kwana yake yi. Ta hau keken babu batir, ta taka sau biyu, ta yi wata ƙara da ba a taɓa ji daga bakin shugabar ma'aikatan jinya ba, ta ɓace a kwana. Da ta dawo, Manaja, wanda har lokacin yana riƙe da gorar ruwa, ya yi ƙoƙari na ƙarshe. Ya ce, "Amma dai Umma, da bakinki kika ce kin sa ƙafa a ƙasa." Matarsa ta ce, "Ita ƙafa ta sa. Kai me ka sa?" Daga nan ba a sake jin maganar yarjejeniya ba.

Marigayin ya bar abokiyar zamansa, caja, wadda ba su taɓa rabuwa ba, abin da bincike ya nuna shi ne matsalar. Ya bar tagwayen tayoyi, waɗanda suka yi rayuwarsu a sanyaye, yanzu kuma sun cika sun batse har ba sa gane mutane. Ya bar sarƙa, da injin keken wanda ya zama maraya tun tuni yana bin su tudu ba ya cewa komai. Ya bar bargo, wanda aka yanke shawarar miƙa wa Manaja bayan jana'iza, tare da kujera mai lilo da takardar ganin likita da mahaifiyarsa ta sa shi karɓowa. Ya kuma bar Sista, wadda har yanzu ba ta yarda kulawa ce ta kashe shi ba. Ta ce kwanansa ne ya ƙare, bargo sanadi ne kawai.

An aika a kawo magajinsa. Mai Gyara ya sa Sista ta yi alkawari a gaban shaidu cewa ba bargo, ba hantsi, ba kwana a caja, kuma za ta riƙa neman taimakonsa kaɗan-kaɗan, sai in iska ta taso ko kaya sun yi nauyi. Ta yarda da duka. Sai dai an sha kama ta a tsakar gida tana tsaye a kan tayoyin, babban yatsanta yana motsi, don haka ana roƙon duk wanda ya ji fiiis a unguwa ya sanar da iyalin cikin gaggawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ba za a binne shi ba, ba za a ƙone shi ba, kuma duk wanda ya ba da shawarar kwandon shara ya san ya ɓata da gidan nan, domin irinsu ko sun mutu ba a rasa wuta a cikinsu. Mai Gyara ya riga ya liƙe masa baki da salatif. Za a kai shi wurin da ake karɓar matattun batura, wanda yake bayan tankin ruwa, wato sai an hau tudu. Sista ce za ta ɗauke shi, a jakarta ta baya, a naɗe cikin bargonsa karo na ƙarshe, yanzu da ba zai ƙara cutar da shi ba. Ta ce ya ɗauke ta shekaru da saninsa, ta ɗauke shi watanni ba da saninta ba, wannan karon tana so ta yi da niyya.

Masu rakiya a ƙafa su tashi da wuri, masu kekuna su duba iskarsu, don mai makokin ta ce ba za ta jira kowa a rumfar bas ba. Manaja zai biyo baya a mota, bayan ya mayar da akwatuna inda ya ɗauko su ya kuma rataye mabuɗin gidan mahaifiyarsa a ƙusarsa. Za a tsaya a gidan Yaya, domin allurar safe ba ta san makoki ba. Yaya ta aiko cewa kada a makara, shayi ba ya jiran gawa, kuma a gaya wa ƙanwarta maganar madubi ta janye ta, za a ci gaba daga inda aka tsaya.